Hoton Farko na Masu Gida Ne

Abin da na rasa, fuskar mijina ce. Hotonsa guda ɗaya tak a duniya, da gutsuren fim ɗin da aka fitar da shi daga ciki, duka sun tafi. Abin da na samu kuwa, idanun 'yata biyu, da gidan da nake zaune a ciki ba jifa, da wani ɗan gyara da na ɗora a kan cinikin, wanda har yau in na tuna shi zuciyata takan yi sanyi. Ni 'yar kasuwa ce, kwanuka da tukwane nake sayarwa, kuma tun ina budurwa ba a taɓa jin na sallama kaya a tayin farko ba. Masu cewa an cuce ni a wannan ciniki, su bi ni a hankali su gani.

Marigayi mijina mai ɗaukar hoto ne, da kyamarar nan ta fim wadda ake murɗawa da babban yatsa bayan kowace ɗauka. Duniya ta koma waya, shi bai koma ba. Shagonsa ɗakin gaba ne na gidanmu, mai ƙofa a bakin titi. A bayan gida kuma, kusa da tankin ruwa, akwai wani ɗan ɗaki da ya toshe tagarsa da baƙin ƙyalle, ya rataya jan ƙwan lantarki guda. Nan yake wanke fim, nan yake fitar da hoto a kati, ya shanya a igiya kamar kayan jarirai. Ɗakin duhu muke ce masa. Warin ruwan maganin da yake wankin da shi ya kama rigunansa, tsami-tsami, har hancina ya daina jin sa.

Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini rai. Duk sanda ya zura sabon fim, kafin ya ɗauki kowa, sai ya zagaya baya, ya tsaya tsakanin tanki da bangon ɗakin duhu, lungun da rana ba ta taɓa sauka, ya saita kyamara a kan bango tsura, ya danna. Sai ya ce can ƙasa-ƙasa, "Na masu gida." In ya wanke fim ɗin, sai ya sa almakashi ya yanke wannan na farkon, ba ya ko ɗaga shi ya duba, ya jefa cikin wani baƙin kwali da ke kan kanta a ɗakin duhu.

Na yi masa magana har na gaji.

"Kai dai ba ka san zafin kaya ba. Fim da tsadarsa kana ɗaukar bango? Bangon ne zai biya ka?"

"Na farko dama ƙonewa yake yi," in ji shi. "Abin da za a zubar, in aka ba maƙwabci ba a yi asara ba."

"Wane maƙwabci?"

Sai ya yi dariya, ya ce in miƙo masa ruwa.

Yana da abokai da ke taruwa a shagon duk ƙarshen mako da yamma, masu kyamarar fim irin tasa, amma su don sha'awa suke yi. Akwai Mai Agogo, wanda hannunsa ke rawa sai in ya riƙe kyamara. Akwai Tsohon Direba, wanda ba ya ɗaukar komai sai gadoji. Akwai kuma wani dillalin tsofaffin kyamarori da ake ce wa Na-Sani, don ba a taɓa ɗauko magana ya bari an kai ƙarshenta ba, sai ya ce, "Ai na sani." Kowa ya zo da abin da ya ɗauka a makon, a yi ta miƙawa hannu zuwa hannu ana musu.

"Haske ya yi yawa a nan."

"Kai kuma ka yanke wa bawan Allah ƙafa."

"Direba, wannan gadar ba ita ka kawo mana wancan makon ba?"

"Waccan da safe ce, wannan da yamma!"

Auta, 'yarmu, takan zauna a tsakiyarsu. Yayyenta maza duk sun yi nisa wajen neman abinci, ita ce ta gaji hannun ubanta. Tun ba ta kai tsawon teburin ɗakin duhu ba take taka kujera tana jujjuya kati cikin ruwan magani. Ta girma da idon da ubanta ke alfahari da shi. Yakan ce, "Ni ina ɗauka, ita tana gani."

Da ya rasu, abokan ba su daina zuwa ba, ni ma ban hana su ba. Auta ta ci gaba da buɗe shagon.

Ranar da abin ya faru, yamma ce kamar kowace yamma. Na dawo daga kasuwa ina zaune a bakin ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida, ina warware ɗaurin kwanuka. Rana ta yi ja, ta shigo ta ƙofar titi ta kwanta a kan benci. Na-Sani ya ce ya kamata a fito da ayyukan marigayi a duba, a tuna da shi. Auta ta yi ta ɗauko kwalaye daga baya. Suna dubawa, suna yabo, Mai Agogo yana share ido da bakin hularsa.

"Saura baƙin nan na kan kanta," in ji Na-Sani. "Na sha ganinsa. Gwani ba ya ɓoye abin banza."

"Baba ya ce kada a fito da shi haske," in ji Auta.

"Haske? 'Yata, fim ɗin da aka riga aka wanke ina ruwansa da haske? Wannan ko ɗan koyo ya sani. Ɗauko mana. Ko so kike aikin ubanki ya ruɓe a duhu?"

Ta dube ni. Ni kuwa hankalina na kan wata tukunya da ta lotsa, na ce mata ta ɗauko mu huta da surutu.

Ta kawo ta ajiye. Shi ya buɗe. Kwalin cike yake da gutsattsarin fim, ƙanana kamar fuka-fukan fara. Ya ɗebo, ya je bakin ƙofa, ya ɗaga ɗaya saitin rana, ya kanne ido.

"Bango," ya ce. "Da tanki." Ya ƙara matso da shi kusa da ido. "Af. Da wani abu a gindin tankin."

Aka fara miƙawa. A na ƙasan kwalin, waɗanda suka fi daɗewa, akwai wani ɗan abu a kwance a ƙasa kamar jariri. A na samansu yana zaune. Can kuma yana tsaye, ya dafa tanki. Can ya kai rabin tankin. A bayansa kullum akwai wata doguwar inuwa da ta sunkuyo kansa. Na saman kwalin kuwa, na 'yan shekarun baya, inuwar ce kaɗai, tana zaune a inda yaron yakan tsaya.

"Haske ne ya sato ta bayan kyamara," in ji Mai Agogo, amma muryarsa ba ta yarda da shi ba.

"A mayar," in ji Tsohon Direba. "Ku mayar da kayan nan."

"A mayar da me? Ai na sani, ɗauka biyu ce a kan fim ɗaya, wasan yara." Na-Sani yana dariya yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a rana. "Amma wa ya haifi wannan? Ku dubi kai kamar tulu. Ku dubi ƙafa kamar muciya. Da ni ne uwarsa, ni ma a duhu zan ɓoye shi."

Auta ce ta fara lura. Ta ce, "Suna gogewa."

Wanda ke hannunta ya zama fari fes kamar gilashi. Na kan benci ma haka. Duk wanda rana ta taɓa, abin da ke cikinsa ya tashi kamar raɓa, kuma Na-Sani bai bar ko ɗaya bai ɗaga ba. Rana ta ƙarasa faɗuwa. A can bayan gida muka ji tankin ruwa ya yi ƙara sau ɗaya, kamar an buga shi da tafin hannu.

Washegari da magariba jifa ta fara. Ba duwatsu ba ne. Gwangwanayen fim ne, ƙananan baƙaƙen nan da marigayi ke tarawa a buhu. Sai su faɗo a kan rufin kwano ɗaya-ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. In na fita na tsince su, sai in ji su da ɗumi. Jan ƙwan ɗakin duhu ya riƙa kamawa da kansa. Na kashe, ya kama. Na kwance shi na sa a aljihun zanena, na waiwaya, ƙasan ƙofar ɗakin yana nan ja. Warin maganin wanki ya shiga ruwan shanmu. Hotunan da ke jikin bangon shago, na amare da na 'yan makaranta, kullum da safe sai mu tarar an juya su suna kallon bango.

Duk wannan zan iya zama da shi. Na zauna da maƙwabtan rumfa da suka fi haka. Amma wata yamma Auta tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta dube ni, ta saki rariya.

"Mama, me ya sami fuskarki?"

"Me ya same ta?"

"Ta yi fari. Haƙoranki baƙaƙe. Sama ma ta yi baƙi, Mama."

Komai ya juye mata kamar yadda yake a jikin fim, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Daga nan haske ya fara yi mata zafi. Ta daina fita shago. Ta koma zama a lungun nan tsakanin tanki da bango, ta haɗa kai da gwiwa. Kullum abin da take gani yana raguwa, yana dusashewa daga gefe zuwa tsakiya. Na kai ta asibitin ido, suka haska, suka ɗiga magani, suka ce idon lafiyarsa ƙalau. Muka dawo ina riƙe da hannunta kamar ƙaramar yarinya.

Da magariba kuma takan yi wata waƙar reno da ban taɓa koya mata ba, da muryar da ba tata ba.

Mai Agogo da Tsohon Direba suka zo gaisuwa, suka zauna kansu a ƙasa. Na-Sani bai zo ba sai da labari ya game unguwa cewa 'yar mai hoto ta kusa makancewa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Uwar Auta, ya mai jiki? Allah ya sawwaƙe. Dama cewa na yi, kyamarar marigayi da na'urar fitar da hoto, tunda yanzu babu mai amfani da su, kada su lalace a banza. Zan karɓa da daraja, saboda zumunci."

Na dube shi tun daga hula har takalmi.

"Babu mai amfani da su?"

"To, ai kin ga yanayin yarinyar."

"Na gani. Kai ma za ka gani."

Na rufe ƙofar a hankali, don ba na son katako ya sha abin da ba shi ya jawo ba.

Tsohon Direba ne ya kawo mana wani malami. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, ba ya ɗauke da komai sai carbi da butarsa. Ya iso bayan la'asar. Ya zagaya gidan, ya daɗe a tsaye a gaban tanki. Ya ce a shimfiɗa tabarma nan, a zaunar da Auta, ni in zauna a bayanta in riƙe kafaɗunta. Ya ce mini, "Duk abin da kika ji, kada ki amsa. Ni zan yi magana."

Na ce to. Na sha ce wa mutane to.

Ya fara karatu. Inuwar bango ta yi ta tsawo har ta rufe mu. Tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka tashi gaba ɗaya. Jikin Auta ya yi sanyi a hannuna, sannan ya yi nauyi, nauyin da ya fi nata. Kanta ya ɗago.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni a kan gaskiyata."

Muryar mace ce, babba, a dishe, irin ta wadda ta yi kuka har ya ƙare.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mai gidan nan. Kafin a kafa tubalin farko ina nan. Mai hoto ya san da ni. Ya gina ɗakinsa na duhu, na ji daɗinsa, na zauna, ban taɓa ɓata masa aiki ba. Da na haihu na roƙe shi abu ɗaya. Mu ba mu da abin da ke riƙe fuska. In namu ya tafi, ya tafi. Ya ce na farkon kowane fim nawa ne. Ya cika alkawari har ya mutu."

"Ina ɗan naki?"

Tankin ya yi wata 'yar ƙara.

"Ya riga mai hoto mutuwa. Abin da ya rage mini ke nan a kwalin. In gari ya yi shiru nakan buɗe in duba. Suka fitar da shi rana. Suka yi ta miƙa ɗana hannu zuwa hannu. Aka ce kansa kamar tulu." Kafaɗun Auta suka yi rawa a tafina. "Yanzu ina neman fuskarsa a raina, tana zille mini. Idon da ya kalli ɗana ya goge, shi ma sai ya goge."

Malam ya ce zalunci ba ya gyara zalunci, yarinyar ba ta san kome ba. Ya ce ta ji tsoron Wanda ya halicce mu da su, ta fita. Ta ce ta ji, amma ba ta fita hannu wofi. Ya ci gaba da karatu. Auta ta yi ƙara, ta sandare, wani ruwa mai warin magani ya fara zubo mata daga ido. Na ga dai in aka bi ta ƙarfi, ko an fitar da ita, da idon za ta tafi.

Na ce, "Malam, dakata. Baiwar Allah, nawa?"

"Uwar Auta!" in ji malam.

"Malam, kai ka san karatu, ni na san ciniki. Wadda ta ce ba ta fita hannu wofi ai ta sa wa kayanta kuɗi ne. Ke nake tambaya. Me za ki karɓa?"

Kan Auta ya juyo gaba ɗaya ya dube ni da idanun da ba sa gani.

"Ido biyu."

"Albarka. Ga ɗakin duhu, na bar miki har abada, in sa kwaɗo in jefa makullin a rijiya."

"Ɗakin da babu kowa a ciki? Ido ɗaya."

"Ko gashin ido. Ga kyamararsa."

"Wa zan ɗauka da ita?"

Nan ta ɗaure ni. Amma a kasuwa na koyi cewa mai saye yakan faɗi abin da ke damunsa ba da saninsa ba. Na tuna maganarta. Aka ce, ta ce. Suka fitar, ta ce. Ba ta ambaci kowa ba.

"Tsaya," na ce. "Ba ki san wanda ya ɗaga su a rana ba, ko?"

Ta kau da kan Auta gefe.

"Ba ki sani ba. Rana ta hana ki leƙowa. Muryar kawai kika jiyo daga nesa, sai ƙanshin hannun 'yata da kika ji a jikin kwalin. Kin kama ɗan aike kin bar mai aike. To ni na san shi. Ina da sunansa, kuma na sayarwa ne."

"Kada ki miƙa mata ɗan Adam," in ji malam, a karo na farko da ƙarfi. "Wannan ba na cikinsa."

"Ba zan miƙa mata jininsa ba, malam. Ke, ki ji sharaɗi. Ba jikinsa, ba hankalinsa, ba matarsa, ba 'ya'yansa. Abin da ya yi miki shi za ki yi masa, ba ƙari."

"Na yarda," ta ce, da sauri har na ji haushin ban ƙara tsuke sharaɗin ba. "Amma suna ba ya biyan ɗa. Wannan gyara ne. Gidan nan aka yi mini asara, gidan nan zai biya. Ke da kika ce a ɗauko ku huta da surutu, me kike da shi wanda guda ɗaya ne tak?"

"Ba ni da komai sai kwanuka."

"Ƙasan akwatinki. Cikin farin ɗankwali."

Mai ɗaukar hoto kullum yana bayan kyamara. Mijina ya ɗauki rabin garin nan, amma shi ba ya yarda a ɗauke shi, yakan ce wanzami ba ya son jarfa. Sau ɗaya tak, muna sabon aure, na fizge kyamarar na ce sai na ɗauke shi. Ban iya riƙewa ba. Hoton ya fito a karkace, na yanke masa rabin hula, yana dariya yana miƙo hannu zai ƙwace. Ya wanke, ya ba ni katin da gutsuren fim ɗin, ya ce, "Ga aikinki, kada ki nuna wa abokaina su kashe ni da dariya." Ban taɓa nuna wa kowa ba, ko Auta.

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Nawa ma ba na kallo ba ne."

Na yi ta kewaye. Na ce ta ɗauki duk hotunan shagon. Ta ce ba ta san su ba. Na ce ta ɗauki nawa hoton, na ƙuruciya, wanda na fi kyau. Ta ce kyauna bai dame ta ba. Da na ga ba hanya, na ce, "To, kati naki, fim nawa."

Ta yi dariya, dariyar da ta sa malam ya ƙara damƙe carbinsa.

"Shekara nawa na yi a ɗakin duhu? Kina tsammani ban san abin da ake yi da fim ba? Duka biyu."

Na dubi ƙeyar 'yata, da kitson da na yi mata da hannuna don ba ta iya ganin madubi. Hasken yamma saura kaɗan a saman bango.

"Duka biyu," na ce. "Amma kaya kafin biya. Ki buɗe mata ido tukuna, ta ga ubanta sau ɗaya da idonta. Sannan ki bar gidan nan, ke da jifarki, ba dawowa. Malam ne shaida."

"Ni shaidar fitarta ce kawai," in ji malam. "Sauran ke da Allah."

"Na ji. Ke fa?"

"Na sallama," ta ce.

Na shiga ɗaki na ɗauko farin ɗankwalin. Na durƙusa, na sa bakina a kunnen Auta, na faɗi sunan Na-Sani, sunansa na yanka, da na ubansa, don kada a yi kuskuren gida. Malam ya kau da kai yana istigfari. Ya ɗora karatu a hankali. Jikin Auta ya saki, nauyin ya sauka daga hannuna kamar an sauke tulu. Ta yi atishawa, ta murza ido.

"Mama? Fuskarki ta dawo."

"Dubi nan, maza."

Na buɗe ɗankwalin. Ta karɓi katin da hannu biyu.

"Baba ne! Ji yadda yake yaro. Wa ya ɗauka? Ya yanke masa hula."

"Ni ce. Rufe mini baki ki kalla."

Muka kalla tare. Hannun da ya miƙo ne ya fara tafiya, sannan rabin hular, sannan kafaɗa. Dariyar ce ta daɗe. Ban ƙifta ba, idona yana zafi ban ƙifta ba, har katin ya zama fari kamar ba a taɓa sa shi a ruwa ba. Gutsuren fim ɗin ya koma gilashi. Murfin tanki ya ɗaga kaɗan ya koma, wata iska mai sanyi ta bi ta gefenmu ta haura bango. Jan hasken ƙasan ƙofar ɗakin duhu ya mutu. Daga nesa aka fara kiran salla.

Malam ya tashi ya kaɗe rigarsa. Na kawo masa abin godiya, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Ban taɓa ganin wadda ta nemi ragi a wajen aljan ba." Na ce masa don bai taɓa zuwa rumfata ba ne.

Auta ta koma shago. Idonta ya fi da. In ta zura sabon fim, na farkon takan ɗauke ni, ko ina so ko ba na so.

Abokan ubanta suna nan suna taruwa. Na-Sani ya ɗan ɓace, sannan ya dawo da fim a aljihu, ya ce maganin wankinsa ne ya lalace, Auta ta wanke masa. Ta wanke, ya fito fari fes. Ya canja kyamara, ya canja fim, ya ba Mai Agogo ya zura masa da hannunsa. Ya ɗauki bikin 'yarsa, fari. Ya ɗauki jikansa na fari ranar da aka haife shi, fari. Lafiyarsa ƙalau, cinikinsa yana tafiya, ko ciwon kai ba ya yi. In an zauna ana miƙa hotuna, nasa hannun karɓa kawai yake yi ya miƙa gaba. Ranar nan Tsohon Direba ya tambaye shi ko ya san abin da ke jawo haka. Ya buɗe baki, ya rufe. Ni na kawo masa ruwa da kaina, a kofi mai kyau.

Wani lokaci da yamma nakan rufe ido in nemi fuskar mijina. Ina samun hular, ina samun hannun, ina jin dariyar. Tsakiyar ce take zille mini, kullum tana ƙara nisa. A irin wannan lokacin nakan tuna da waccan baiwar Allah, duk inda take, in ce ashe abin da take ji ke nan.

An fara mini da ido biyu. Na tsaya a kan kati ɗaya da gutsuren fim ɗaya, da kallo ɗaya kafin a ɗauka, da sunan mutum ɗaya a matsayin gyara. A haka na sallama, kuma ko yau aka dawo da cinikin, ba zan ƙara ko ƙwayar zarra ba.